Shin baƙo zai iya karya tsohon tarihin tseren tsaunukan Ingila?

Shekara 36 aka kwashe ana wannan gardama a arewa maso yammacin Ingila, a yankin tsaunuka da tafkuna da ake kira Lake District. A watan Yunin 1982 wani magini ɗan kwarin Borrowdale mai suna Billy Bland ya zagaye tsaunuka 42 na Zagayen Bob Graham cikin awa 13 da minti 53. Daga nan kowa ya gwada sai ya dawo da awa 14 da wani abu. Mark Hartell ya yi awa 14 da minti 54 a 1999, Rob Jebb ya yi awa 14 da minti 30 a 2016, kuma waɗannan ba ƙananan 'yan tsere ba ne. Sai masu sha'awar wasan suka rabu gida biyu. Wasu na cewa duk ranar da ɗaya daga cikin manyan gwanayen duniya ya sauka da niyya a garin Keswick, inda zagayen ke farawa, zancen ya ƙare. Wasu kuma na cewa ƙasar ce za ta kayar da shi, domin tsaunukan Ingila ba sa kama da na Faransa ko na Amurka. An samu amsa a 2018, amma amsar ba ta ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba, kuma akwai wasu tsofaffin tarihin da har yanzu tambayar ke kansu.

Sai an fahimci zagayen kansa kafin a gane inda gizo ke saƙa. Ana tashi daga ƙofar Moot Hall, wani tsohon gini a tsakiyar kasuwar garin Keswick, a kuma dawo a taɓa ta. Tsakanin tashi da dawowa akwai kimanin kilomita 106, da hawan da jimillarsa ta kai mita 8,200, da gangara daidai wannan adadi. Bob Graham, mai masaukin baƙi a Keswick, shi ya fara yin sa a 1932 cikin awa 23 da minti 39, kuma sai a 1960 aka samu wanda ya maimaita, wato Alan Heaton. Ba gasa ba ce ta rana guda da ake busa usur kowa ya zabura. Mutum shi ke zaɓar ranarsa da lokacin tashinsa. Sharaɗin ƙungiyar da ke tantancewa, wadda aka kafa a 1971, shi ne a kammala cikin awa 24, kuma a samu wani tare da shi da zai shaida ya taka kan kowane tsauni.

Titunan mota sun yanka zagayen zuwa zango biyar. Na farko daga Keswick zuwa Threlkeld, tsaunuka uku ne kacal amma manya: Skiddaw mai mita 931, Great Calva, da Blencathra. Na biyu zuwa Dunmail Raise yana da 12, ciki har da Helvellyn, kuma shi ne ya fi daɗin gudu domin yawancinsa ciyawa ce a kan doron tsauni. Na uku zuwa Wasdale yana da 15, shi ne mafi tsawo, mafi duwatsu, a nan ne Scafell Pike yake, tsauni mafi tsayi a Ingila mai mita 978. Na huɗu zuwa Honister yana da tara. Na biyar uku ne, sannan titin kwalta zuwa gari.

Abin da ke yaudarar baƙo

Wanda ya saba da tsaunukan Alps, idan ya ga mita 978 sai ya ga kamar wasan yara. Ba matsalar ƙarancin iska, ba ƙanƙara a lokacin zafi. Amma a duba lissafin da kyau. Shahararriyar gasar nan ta zagaye tsaunin Mont Blanc tana da kimanin kilomita 171 da hawan mita 10,000, wato kusan mita 58 a kowace kilomita. Zagayen Bob Graham yana da kusan mita 77 a kowace kilomita. Ya fi tsini. Sannan a Alps hanya ce gyararriya mai lanƙwasa hagu da dama don rage tsinin hawa, an kafa alamu, ga tashoshin abinci. A tsaunukan Cumbria, gundumar da Lake District ke ciki, babu alama ko ɗaya, kuma al'adar 'yan tseren wurin ita ce a miƙe sak, ko sama ko ƙasa, ta inda ya fi kusa.

Ƙasar da ake takawa tana sauyawa kusan kowace rabin awa. Bayan Skiddaw akwai fadama mai taɓo da gajerun ciyayi masu ƙarfi da ke harɗe ƙafa, sannan a tsallaka kogin Caldew da ƙafa, don haka tun a zangon farko takalmi ya jiƙe. Saukowa daga Blencathra ta doron Hall's Fell dutse ne siriri wanda sai an haɗa da hannu a wasu wurare. Daga Great End zuwa Scafell Pike kuwa filin manyan duwatsu ne, babu inda ƙafa za ta sauka daidai, sai tsalle daga wannan zuwa wancan. Idan sun bushe ana wucewa da sauri. Idan ruwa ya taɓa su sai santsi, kuma minti goma na iya salwanta a nan kaɗai.

Tsakanin Scafell Pike da maƙwabcinsa Scafell akwai wurin da ya fi ko'ina haɗari, Broad Stand. Wasu 'yan matakai ne na dutse, gajeru, amma ƙarƙashinsu rami ne mai zurfi, kuma an sha rasa rayuka a wurin. Shi ne hanya mafi kusa. Masu neman lokaci sukan tura wani ya riga su ya ɗaura igiya. Wanda ya ƙi shi yana da zaɓi biyu, ko kwazazzabon Lord's Rake mai tsakuwa da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa, ko ya sauka ya zaga ta Foxes Tarn ya sake hawa, wanda ya fi aminci amma ya fi cin lokaci. Daga kan Scafell sai gangarar kusan mita 900 zuwa Wasdale a tashi ɗaya, kuma ana sauka sai ga Yewbarrow a tsaye a gaba, hawan fiye da mita 500 a ciyawa mai tsini. Da yawa daga cikin waɗanda ke janyewa, a Wasdale suke janyewa, kuma dalilin a fili yake: cinyoyi sun gama dakuwa a gangara, ga bango a gaba.

Gangara ita ce ainihin sana'ar. A hawa, zuciya da huhu ne ke aiki, kuma gwanin duniya ya fi ɗan gari a wannan fanni. A gangara kuwa tsokar gaban cinya ce ke riƙe nauyin jiki tana miƙewa a lokaci guda, irin aikin da ke yi wa zaren tsoka ƙananan yage-yage. Wanda ke tsoron ƙasar yana taka birki a kowane taku, ya jingina baya, ya sauka a kan dunduniya, don haka ya ɓata lokaci ya kuma kashe cinyarsa. Ɗan wurin yana sakin jiki gaba, takunsa gajeru da sauri, idonsa na kan taku huɗu ko biyar da ke gaba, a kan tsakuwa kuma ya bar ta ta zame da shi. Ba a koyon wannan a filin wasa. Shi ya sa lokacin mutum a gudun fanfalaki na titi ba ya nuna abin da zai yi a nan.

Ga kuma sama. Seathwaite da ke Borrowdale na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Ingila, fiye da milimita 3,000 a shekara. Hazo kan sauko ya rufe tsauni har mutum ya daina ganin abin da ke mita 20 gabansa. A doron zango na biyu, inda tsaunukan suka yi kama da juna, kuskuren juyawa kaɗan na kai mutum wani kwari daban. A 2014 Scott Jurek, Ba'amurken da ya lashe gasar dogon gudu ta Western States a Amurka sau bakwai a jere, ya yi zagayen tare da Rickey Gates, suka kammala saura 'yan mintuna awa 24 ta cika. Ba tarihi suka zo karyawa ba, amma masu cewa ƙasar na kayar da baƙo sun daɗe suna kafa hujja da wannan.

Yadda Jornet ya yi

Kilian Jornet ɗan Kataloniya ne a Sifaniya, an haife shi a 1987, ya tashi a wani masaukin matafiya a tsaunukan Pyrenees. Kafin 2018 ya riga ya lashe gasar Mont Blanc sau uku, kuma a 2017 ya ci gasar Glen Coe a Sikotland, wadda ke da duwatsu masu tsini irin na Birtaniya. Wato ba baƙon irin wannan ƙasa ba ne gaba ɗaya. A watan Maris na 2018 ya karye a ƙafa a wata gasar zamiya kan ƙanƙara a Faransa, ya warke, ya ci gudun fanfalakin Mont Blanc a farkon Yuli, sannan ranar 8 ga Yuli ya tashi daga Moot Hall da ƙarfe shida na safe. Ya dawo bayan awa 12 da minti 52. Billy Bland na nan a kan matakalar ginin ya tarbe shi.

Minti 61 ya zabge. Adadin yana da girma a ido, amma a rarraba shi. Bland ya yi matsakaicin gudun kilomita 7.6 a awa, Jornet ya yi 8.2. Bambancin kusan kashi 7 cikin ɗari ne, ko a ce ƙasa da minti ɗaya da rabi a kan kowane tsauni. Ba wai ya tashi sama ba ne. Ya ɗan fi sauri a kowane hawa, bai yi asara a gangara ba, kuma tsayuwarsa a kan titunan mota gajeru ce ƙwarai.

Abubuwa uku suka haɗu masa, kuma a ganina na farko ya fi sauran nauyi. 'Yan rakiya. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma abin da ya faru ke nan. Manyan 'yan tseren yankin, irin su Carl Bell da Rob Jebb, su suka raba zangunan a tsakaninsu. Ɗan rakiya yana yin aiki huɗu: yana gaba yana nuna layin da ya fi sauri, yana ɗauke da ruwa da abinci da rigar ruwa, yana rubuta lokacin isa kowane tsauni, yana kuma zama shaida. Saboda haka sanin ƙasa na shekara 20 da baƙo ba shi da shi, ya are shi na yini guda. Aikinsa kawai ya bi ƙafar da ke gabansa. Wahalar ita ce samun mutanen da za su iya riƙe irin wannan gudu ko da na zango ɗaya ne, suna kuma goye da kaya. A duk Birtaniya ba su da yawa, kuma ba kuɗi ake biyan su ba. Idan baƙo bai shiga ran mutanen wurin ba, ba zai same su ba.

Na biyu shi ne ƙasa busasshiya. Bazarar 2018 ta zo da zafi da fari a Ingila, fadamun bayan Skiddaw da na zango na uku suka bushe, duwatsu suka daina santsi. Farashin da ya biya shi ne zafin rana, amma ga mai 'yan rakiya da ke miƙo ruwa, zafi ya fi taɓo sauƙi. Na uku shi ne haske. A tsakiyar bazara rana kan kai kusan awa 17 a wannan yanki, don haka mai gudun awa 13 ba ya buƙatar fitilar goshi ko kaɗan, saɓanin mai neman awa 23 da dole ya ratsa dare.

Adalci ya sa a faɗi abin da Bland bai samu ba a 1982. Mutum fiye da 2,000 sun kammala zagayen tun daga lokacin, ban da dubban da suka gwada, kuma ƙafafunsu sun fitar da 'yan siraran hanyoyi a wuraren da da babu komai sai ciyawa. Takalma sun yi sauƙi, robar ƙasansu ta fi kama dutse. Ilimin ci a cikin gudu ya sauya: yanzu ɗan tsere na auna giram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci a kowace awa, galibi a ruwa ko a ƙunshi mai kauri da ake tsotsa ana gudu, da kimanin rabin lita na ruwa mai ɗan gishiri. Wanda ya gaza haka, bayan awa shida ko bakwai ajiyar kuzarin da ke tsoka da hanta ta ƙare, ƙafa ta yi nauyi, kai ya daina lissafi. Wanda ya zarce kuma ciki ya murɗa, amai ya biyo. Bland ma'aikaci ne da ke gini da rana ya yi atisaye da yamma. Jornet gudu ne aikinsa.

Bayan an buɗe ƙofa

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa wani ɓangare na katangar a zuciya take. Shekara 36 babu wanda ya sauka ƙasa da awa 14, amma bayan Jornet sai George Foster ya yi awa 13 da minti 44 a 2020, Finlay Wild na Sikotland ya sauka ƙasa da awa 13 a 2021. Sannan a farkon Satumban 2022 Jack Kuenzle, wani baƙon daga Amurka, ya yi awa 12 da minti 23. Hanyarsa ta bambanta da ta Jornet. Jornet ya zo kwanaki kaɗan kafin ranar ya dogara da baiwarsa da 'yan rakiya. Kuenzle ya tare a yankin makonni yana bin zangunan ɗaya bayan ɗaya har ya haddace su. Minti 29 da ya rage sun nuna abin da sanin ƙasa ke ƙarawa a kan ƙarfi. A ɓangaren mata kuwa 'yan gida ne suka riƙa turawa: Jasmin Paris ta yi awa 15 da minti 24 a 2016, Beth Pascall ta yi awa 14 da minti 34 a 2020, lokacin da kafin 2018 maza ƙalilan ne suka taɓa fin sa.

Inda tambayar ke nan da ranta

Kuskure ne a ɗauka cewa tunda zagayen ya faɗi, sauran tsofaffin tarihin ma na jiran baƙo ne kawai. Bland ɗin nan ya kafa awa 2 da minti 34 da daƙiƙa 38 a gasar Borrowdale a 1981, da awa 3 da minti 25 da daƙiƙa 21 a gasar Wasdale a 1982, makonni kaɗan bayan zagayensa. Kenny Stuart, ɗan Threlkeld, ya hau ya sauko daga Ben Nevis, tsauni mafi tsayi a Birtaniya mai mita 1,345, cikin awa 1 da minti 25 da daƙiƙa 34 a 1984, ya kuma yi awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 29 a gasar Snowdon ta Wales a 1985. Waɗannan sun haura shekara 35 ba a taɓa su ba, kuma Snowdon gasa ce ta ƙasa da ƙasa wadda gwanayen Italiya suka sha zuwa suna lashewa ba tare da sun kai lokacin Stuart ba.

Dalilin shi ne gasa ba zagaye ba ce. Duk abin da ya taimaki Jornet, gasa ta ƙwace shi. Rana tsayayya ce a kalanda, ko ruwa ko hazo. Babu ɗan rakiya. A dogayen gasannin Ingila doka ta tilasta wa kowa ya ɗauki rigar ruwa da wandonta, hula, safar hannu, taswira, kamfas, usur da abincin gaggawa, kuma an hana neman hanya da na'urar tauraron ɗan'adam. Gasar Wasdale kimanin kilomita 34 ce da hawan mita 2,750, ana ba mutum jerin wuraren da zai bayyana ne kawai, shi zai zaɓi layinsa a tsakani. Baƙon da ya fi kowa ƙarfi yana cikin tsaka mai wuya: idan ya wuce gaba babu wanda zai bi, idan ya tsaya bin ɗan gari to gudun ɗan gari zai yi, ba gudun tarihi ba.

A gajerun gasanni irin Ben Nevis da Snowdon hanya ba ta ɓacewa sosai, matsalar ta daban ce. Tazarar ta yi ƙanƙanta. A awa 13 akwai wuraren tsintar minti ɗaya nan, biyu can. A awa ɗaya da rabi, tuntuɓe guda ko ɗan jinkiri a kan dutse mai santsi ya isa. Sannan Stuart ba ɗan ƙauyen da duniya ta wuce ba ne: ya zama zakaran duniya a tseren tsauni a Italiya a 1985, ya kuma yi gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 11 a Houston a 1989. Mai son karya tarihinsa sai ya kai shi a hawa, ya kuma kai shi rashin tsoro a gangara. Hanyoyin ma sun sauya. An shimfiɗa matakan dutse a wurare da dama don hana zaizayar ƙasa, wanda ke rage saurin saukowa, an kuma rufe wasu yanke da 'yan 1980 ke bi.

'Yan tseren Kenya, Uganda da Eritiriya sun mamaye gasannin tsauni na duniya a shekarun nan, kuma a hawa zalla da wuya a samu wanda zai ja da su. Idan ɗayansu ya zauna a Fort William da ke gindin Ben Nevis ko Llanberis da ke gindin Snowdon wata biyu yana koyon gangarar, ya kuma dace da rana mai sanyi da busasshiyar ƙasa, ina ganin tarihin Snowdon zai iya faɗuwa, domin hanyarsa ta fi kama da abin da suka sani. Ben Nevis ya fi wuya saboda tsakuwar rabinsa na sama. Wasdale da Borrowdale su ne na ƙarshe a layi. Sai dai akwai tambayar da ke gaban duk wannan: me zai kawo shi? Gasannin nan ba su da kyautar kuɗi ta a zo a gani, yawancinsu ƙungiyoyin sa-kai ne ke shirya su, kuma suna faɗowa a Yuli, Agusta da farkon Satumba, daidai lokacin manyan gasannin Turai da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin 'yan tsere suke son ganinsu a ciki. Ɗan tseren da ke ciyar da iyali da ƙafarsa zai auna wata biyu na atisaye, da haɗarin karaya a gangarar Ben Nevis, da abin da zai samu, kuma mafi yawansu za su zaɓi tsaunukan Alps.